Yadda zaka shirya a-kori-kurarka ta iya yashi da gargada, daga abinda 'yan tseren daji na farko suka koya

Makon jiya wani bawan Allah ya kawo mani Hilux ɗinshi gareji nan Daura, tsohuwar nan mai sifirin gaba da baya, yana jigilar kaya da ita daga ƙauyensu zuwa kasuwar Mai'adua. Ko gaisawa bamu gama ba yace "Oga so nake ka nemo mani injin da yafi wannan ƙarfi, motar nan bata iya hanyarmu, in na shiga yashi ta kafe, in na hau gargada kamar zata watse." Na tada injin na saurara, lafiya lau yake, ba hayaƙi ba wata ƙara. Sai na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashinta. Shokozobar gaba ta dama mai duk ya zubo ya haɗu da ƙura ya zama laka, sifirin ɗin baya an ƙara mashi falle uku-uku masu kauri, tayoyin kau an ɗura masu iska har geji ya wuce 50. Na fito nace mashi Alhaji ka bar injin nan inda yake, ba shi ne mai laifi ba, ƙafar motar ce bata da lafiya.

Wannan magana ba daga kaina na ƙago ta ba. Tun ina yaron gareji nake bin labarin tseren motocin daji, kuma kusan duk abinda zan faɗa maka anan mutanen da suka fara wannan tsere sun riga sun biya kuɗin koyonshi da karyayyun motoci sama da shekara 50 da suka wuce. Dan haka bari in ɗan ja ka baya kaɗan kafin mu ɗauki sufana.

Akwai wani dogon zirin ƙasa a Meziko, ana rubuta sunanshi Baja amma Baha ake faɗi, teku ta dama teku ta hagu, tsakiya kuma duwatsu da yashi da busassun koramu da ƙaya, kuma kwalta bata ratsa shi daga sama har ƙasa ba sai 1973. A 1962 wasu Amurkawa biyu, Dave Ekins da Bill Robertson Jr., suka hau baburan Honda daga garin Tijuana zuwa La Paz, dan kada a ƙaryata su sai da suka sa aka buga masu hatimin lokaci a gidan tangaraho wajen tashi da wajen sauka. Ekins yayi tafiyar cikin awa 39 da minti 56. Shekara biyar ba motar da ta karya wannan lokaci, sai a 1967 Bruce Meyers da Ted Mangels suka yi ta cikin awa 34 da minti 45 da wata 'yar mota da ake kira Meyers Manx. A shekarar ne Ed Pearlman ya kafa ƙungiyar shirya tseren daji mai suna NORRA, aka tashi tseren farko mai suna Mexican 1000 ranar 31 ga Oktoba 1967, motoci da babura 68, kuma wadda ta zo ta ɗaya dai Manx ɗin ce, Vic Wilson da Ted Mangels suka kai ta cikin awa 27 da minti 38. Shine tseren da yanzu duniya ta sani da Baja 1000.

Toh mi cece Manx ɗin? Injin da ƙafafun Boswaja ne, Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru da iyayenmu suka hau, aka ɗora mata bodin faiba mara nauyi. Injin ɗinta ƙarami ne ƙwarai, ko lagireto babu, iska ke sanyaya shi. Amma yana zaune a baya, daidai kan tayoyin da ke jan motar, kuma motar bata da nauyin da zai nutsar da ita, sai ta rinƙa tafiya bisa yashi inda manyan jif-jif ke haƙa ma kansu rami.

Sannan ga labarin da nafi so. Parnelli Jones gwanin tseren kwalta ne, shi yaci Indianapolis 500 a 1963, wani maƙerin motocin tsere mai suna Bill Stroppe ya jawo shi daji ya bashi Ford Bronco mai jan taya huɗu. Jones mutum ne mai nauyin ƙafa bisa totur, sai ya rinƙa karya gaban motar, dan aksul ɗin gaba na mota mai ogzilari, wato mai jan taya huɗu, ƙarfe ne mai nauyi, in ya daki rami da gudu ba abinda ke iya riƙe shi. Ƙarshe aka ƙera mashi wata daga tushe, firam ɗinta na bututun ƙarfe, bodin faiba da alminiyam mai siffar Bronco, injin V8, giya otomatik, tayoyin baya kaɗai ke ja, gaba kuma aka sa mata irin dogayen ƙarafan nan biyu na a-kori-kurar Ford da kowace taya ke hawa da sauka ita kaɗai. Sunanta Big Oly. Ta cinye tseren a 1971 da 1972, na 1971 ɗin cikin ƙasa da awa 15, kuma a 2021 an saida ta a gwanjo dala miliyan 1.87. Ban ce ogzilari bashi da amfani ba, ai a 1969 Rod Hall da Larry Minor da Bronco mai jan taya huɗu suka zo na ɗaya gaba ɗaya. Abinda nake so ka riƙe shine abinda ya ƙara masu gudu ba girman injin bane, tayar da ke iya hawa da sauka bata rabu da ƙasa ba ce. Ita kanta a-kori-kura sai 1979 ta samu ta doke kowa a Baja 1000, lokacin da Walker Evans yaci da Dodge.

Yanzu mu dawo kan taka motar. Kuɗinka na farko shokozoba zaka ba.

Mutane da yawa sun ɗauka shokozoba ce ke ɗauke da nauyin mota, a'a, wannan aikin sifirin ne. Ita aikinta ta hana sifirin ya cigaba da rawa bayan ya daki rami. Cikinta mai ne da fistin mai ƙananan ƙofofi, duk sanda taya ta hau ko ta sauka sai fistin ya matse man ta waɗannan ƙofofi, wannan matsin shi ke kashe rawar, kuma duk ƙarfin da aka kashe zafi yake komawa. A kwalta ba damuwa. Amma a gargada tana yin wannan aiki ba hutu, mai yayi zafi ya tsinke yayi kumfa kamar an kaɗa ruwan omo, fistin ya rinƙa wucewa cikin kumfar ba abinda ke tare shi, daga nan sai kaji bayan motar ya fara tsalle yana neman ya wuce gaba. Wannan ita ce babbar cutar da ta addabi 'yan tseren farko. Maganin da suka fara samu shine su jera shokozoba biyu ko uku har huɗu a taya ɗaya dan su raba zafin tsakaninsu, in ka ga hotunan motocin shekarun 1970 zaka gansu jere kamar karan dawa. Daga baya aka koma ma mai gas, irin ta Bilstein, inda aka ɗura iskar naitirojin da ke danne man ya kasa kumfa, sannan aka ƙara wani ɗan gwangwani a gefe da tiyo dan man ya ƙaru ya samu inda zai huce, sannan aka zo da mai bututai a jiki wadda ke da laushi a tsakiyar tafiyarta amma tana taurara in taya ta kusa ƙurewa. Da haka aka kai ga motocin da ake kira Trophy Truck, ajin da aka buɗe a 1994, waɗanda tayar gabansu ke hawa da sauka wajen ƙafa 2, ta baya kusan ƙafa 3.

Kai baka buƙatar wannan duka. Ga yadda zaka gane halin da taka ke ciki ba tare da ka kwance komai ba. Ka fita bayan gari ka samu hanyar burji mai gargada, kayi tafiyar minti 10 zuwa 15, ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da jikin kowace shokozoba a hankali, dan wata tana iya ƙona ka. Wadda ke aiki zaka ji ta da zafi. Wadda kaji ta sanyi ƙalau alhali 'yan uwanta sun ɗau zafi, wannan ta mutu, ƙarfe ne kawai rataye. Wadda mai ya jiƙe jikinta ita ma ta gama. In zaka canza ka canza biyu tare, dama da hagu, kada ka sa sabuwa gefe ɗaya ka bar tsohuwa ɗaya gefen. A shago kuma ka karɓa a hannunka ka tsaida ta ka danna, mai gas ta gaske zata yi maka gardama tun daga sama har ƙasa ba inda zaka ji wayam, kuma in ka saki zata miƙe da kanta. Na taɓa sawo biyu a wani shago, kwalinsu mai kyau, farashinsu ya faɗi ƙasa, ko wata ɗaya basu yi ba suka fara zubar da mai, sai da na biya mai motar daga aljihuna. Araha bata ado wallahi.

Wani abu da ake yawan mantawa shine tsawo. Ka ɗaga motar da jak ta jikin shasi har taya ta rataya, ka auna tsakanin maɗaurin sama da na ƙasa, shokozobar da zaka sa ta ɗan fi wannan tsawon in an miƙe ta duka. Haka in mota ta danne har ƙarshe, robar nan da ke jikin shasi bisa aksul ce ya kamata ta tare dukan, ba shokozoba ba. Rabin motocin da ke zuwa wajena wannan robar ta faɗi tun tuni ba wanda ya kula, kuma ita ce mafi arahar abu a ƙafar mota gaba ɗaya. 'Yan tsere har ɗamara suke ɗaurawa tsakanin shasi da aksul dan in mota ta tashi sama aksul ɗin kada ya fizge shokozoba. In kuma ka nace sai ka jera biyu a taya ɗaya kamar na Baja, toh kada ka haɗa masu tauri biyu, motar zata koma kamar amalanke, sannan maɗaurin da za'a ƙara a samu mai walda da ya san aiki ya fara lulluɓa faranti a jikin shasi kafin ya ɗora, ba ya ɗiga wuta kan shasi tsirara ba.

Sai sifirin, kuma anan ne nake yawan samun saɓani da direbobinmu. Na san dalilin ƙara falle, buhu ne ake so a ƙara. Amma sifirin da baya lanƙwasa baya shanye duka, miƙa shi yake ma shasi, shi yasa zaka ga tsagewa daidai wajen maratayin sifirin, ayi walda ta sake tsagewa gefen waldar. Kuma in ba kaya taya bata zama ƙasa, tsalle take, tayar da ke sama kau bata ja bata birki. Masu tsere da suka zauna kan sifirin falle-falle sirara suke sawa masu yawa, ba masu kauri kaɗan ba, dan ya lanƙwasa da sauƙi yayi nisa. In dole sai ka ɗauki kaya mai nauyi, gara fallen taimako a ƙasa wanda baya taɓa sauran sai an yi lodi. Ka duba santa-bol, wato ƙusar tsakiya da ke haɗe fallayen, bai karye ba, ka canza bushin da suka cinye, yu-bol kuma, lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke ɗaure sifirin da aksul, duk sanda aka kwance shi a sake ɗaure shi bayan tafiyar farko dan sai ya saki. Masu Hilux ta 2005 zuwa sama gabanku nannaɗaɗɗen sifirin ne da hannuwa biyu, ku naku ido yana kan boljoyin da tarod da robar shaf.

Nauyi kuma ka tuna da Manx. Duk ƙarfen ado da aka liƙa ma mota, ƙatuwar bamba da su tsani da kwandon sama da ba'a sa komai, ka cire. Kaya mai nauyi ya zauna ƙasa kuma can gaba jikin kan mota, ba bakin ƙofar baya ba, dan abinda ya wuce aksul ɗin baya ɗaga gaban mota yake, sitiyari yayi sakayau.

Taya. BFGoodrich sun fito da tayarsu ta radiyal ta shiga daji a 1976 kuma a Baja suka je suka gwada ta, dan ba inda ke tona asirin taya kamar can. Kai abinda zaka nema shine mai harafin LT a jiki, ita ce mai ƙarfin gefe, dan ƙayar aduwa da kututturen da aka sare a gona gefen taya suke nema ba tsakiya ba. In ta hannu zaka saya ka karanta shekarunta, akwai lamba huɗu a gefe cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara 6 ko zanenta na nan raɗau robar ta fara bushewa, zafin bazararmu baya yi mata da daɗi.

Amma sirrin yashi iska ne, kuma kyauta ne. Tayar da aka ɗura ma 50 tana da tauri kamar dutse, wajen da take taɓa ƙasa ɗan kaɗan ne, sai ta yanka yashi ta nutse. In ka rage iska tafin tayar yana ƙara tsawo, nauyin ya bazu, kamar dai tafin raƙumi. Kafin ka shiga yashi mai zurfi, ba bayan ka kafe ba, ka tsaya ka sauke iska zuwa wajen 18 ko 20 in ba lodi mai nauyi gare ka ba, in da lodi ka tsaya sama da haka. Kada ka sauka ƙasa da 15, taya tana iya zamewa daga bakin rim in ka karya kwana. A gargada ko burji mai tsakuwa rage kaɗan ya isa, kamar 26 zuwa 28, zaka ji motar ta lafa. Sharaɗin kawai shine da ƙaramar iska ba'a gudu, kuma da ka hau kwalta ka maida iskar yadda take, in ba haka ba taya tayi zafi ta fashe. Dan haka geji naka na kanka da famfo mai aiki da batir ko na ƙafa su zauna cikin mota, ba sai ka nemi mai faci ba. Safaya biyu in tafiyar da nisa, da ɗan katako mai faɗi da zaka ɗora jak a kai dan jak a yashi nutsewa yake.

Ƙura ita ke kashe injin a ɓoye. A Baja akwai wuraren da ƙasar ta niƙe tayi laushi kamar fulawa, mota ta faɗa ciki ƙurar ta rufe gilashi kamar an watsa ruwa, mu ma muna da irinta a hanyoyin da manyan motoci suka tattake da rani. Gwajin da maigidana ya koya mani tun ina yaro shine, ka kwance tiyon da ya tashi daga gidan filtar iska zuwa injin, ka zura yatsa ka shafo cikinshi. Ranar da ya fara nuna mani, yatsana ya fito da jar ƙura, ya dube ni yace "kai yaro, wannan da ka gani ita ke cin ringi, injin nan shan ƙasa yake." Cikin tiyon ya kamata ya fito tas. In ka ga ƙura toh ko filtar ta huje ko bakinta baya zama daidai ko tiyon ya tsage. Ka shafa ɗan giris a robar bakin filta ya toshe kafar, kada ka buga ta a jikin taya da ƙarfi, in zaka hura ka hura daga ciki zuwa waje a hankali, in ta tsufa ka canza kawai. Lagireto kuma ka rinƙa wanke haƙoranshi daga baya zuwa gaba, ƙaiƙayi da tsabar ciyawa suna toshe shi bayan kaka, kuma a yashi injin na aiki da ƙarfi mota na tafiya a hankali, iskar da ke shiga kaɗan ce, nan ne allurar zafi ke hawa. Fanbel na safaya da tiyon ruwa da jarkar ruwa kada su bar motar.

Gargada tana kwance noti, wannan ba makawa. Masu tsere waya suke zurawa ta kan noti su ɗaure yadda ake ma jirgin sama. Kai hanya mai sauƙi ita ce, bayan ka ɗaure duk notin ƙafar mota da na sitiyari da na farfela, ka ɗauki fenti fari ka ja layi ɗaya daga kan notin zuwa jikin ƙarfen. Gobe kallo ɗaya zaka yi, in layin ya rabu noti ya juya. Batir a ɗaure shi da ƙarfe ba da igiyar roba ba, dan in yayi tsalle kanshi ya taɓa bonet wuta ce. Ƙarƙashin injin kuma a sa farantin ƙarfe da zai kare kaskon baƙin mai, a ɗaure shi da noti jikin shasi ta yadda za'a iya cirewa, a bar tazara tsakaninshi da kaskon da ƙofar juye mai.

Yanzu maganar rai. Mu nan ba sai mun je Meziko ba, in ka fita ta Kongolam ka bi Matamaye da Damagaram ka miƙe arewa zaka isa Agadas, kuma ta nan tseren Faris zuwa Dakar ya rinƙa ratsawa. Wani Bafaranshe Thierry Sabine ya kafa shi, aka tashi na farko daga Faris ranar 26 ga Disamba 1978, motoci da babura 182 suka tashi 74 suka isa Dakar. A 1980 aka ware ma manyan motoci ajinsu, 'yan Aljeriya suka fara cinyewa da motar ƙasarsu Sonacome. Sai wani ɗan Holan mai suna Jan de Rooy ya zo da babbar motar kamfanin DAF mai injin biyu, ɗaya na jan gaba ɗaya na jan baya, yaci ajin a 1987, a 1988 kuma har an ɗauki hotonshi daga sama yana wuce Fijo 405 ta Ari Vatanen a fili da gudun da ya kai wajen kilomita 200 a awa. A wannan shekarar dai DAF ta biyu ta ƙungiyarsu ta wuntsila cikin hamadar Tenere ta Nijar tana tsananin gudu, ɗaya daga cikin mutum ukun da ke ciki, Kees van Loevezijn, ya fita daga motar har da kujerarshi ya rasu, kamfanin ya janye daga tseren. Duk sanda na tuna wannan sai in leƙa ƙarƙashin kujerar motar da ke gabana. Zaka sha mamakin yawan a-kori-kurar da kujerar direba noti biyu ke riƙe da ita a kan dandamalin da tsatsa ta cinye. A gyara wannan, a gyara bel kuma a rinƙa ɗaurawa. In zaka sa ƙarfen kariya bayan kan mota dan ranar da ta kife, a yi shi da bututu mai kauri mara ɗinki ba fayif ɗin ruwa ba, kuma ƙafafunshi su sauka kan shasi, wanda aka ɗaure a fallen bodi ado ne kawai. Da tukunyar kashe gobara inda hannunka ke kaiwa.

Fitila ba sai na ja ba. Kamfanin KC ya fara tun 1970 da fitilun daji, yau kau ga masu LED ko'ina. Ka sa da rile da fis nata daban, ka kashe in mota ko mashin ya taho, kuma cikin ƙura ko hazon hunturu ta ƙasa mai ruwan ɗorawa tafi ta saman rufi amfani, dan ta sama ƙurar take haskawa ta dawo maka ido.

Saura tuƙin kanshi. 'Yan Baja basa shiga tsere sai sun bi hanyar kwanaki kafin ranar suna rubuta inda rami yake da inda kwazazzabo ya yanke, kai ma hanyar da baka sani ba ka tambayi direbobin tasha, har da halin tsaronta, kuma bayan kowace damina ka ɗauka sabuwar hanya ce. In ka hango rami ka taka birki tun kafin ka isa, ka saki daidai bakinshi, dan birki na danne gaban mota ya cinye tafiyar sifirin, in ka shiga da ƙafa kan birki ƙarfe ne zai daki ƙarfe. Manyan yatsunka su zauna bayan sitiyari ba cikin zagayen ba, in taya ta daki kututture sitiyarin na iya fizgewa ya karya su. A yashi ka sa ogzilari tun da wuri, ka zaɓi giya ta biyu ko ta uku ka riƙe totur daidai wa daida, kada ka canza giya tsakiyar yashi mai zurfi, kada ka karya kwana da ƙarfi, in zaka tsaya ka bari ta tsaya da kanta. Da kaji taya na juyawa mota bata gaba, ɗaga ƙafarka nan take, kowane juyi ƙara binne ta yake. Ka gwada ribas bisa sawunka, in ta ƙi ka sauka ka ƙara rage iska, ka share yashin gaban tayoyi huɗun da shebur, ka shimfiɗa tabarmar ƙafa ko kara ko rassa. Kada ka bi ƙurar motar da ke gabanka kusa, baka ganin abinda ya tsaya cikinta. Cikin gari da bakin rijiya da burtali kuma dan Allah a sauke gudu, tseren Dakar ma ya kashe mutanen ƙauye da yara da basu san hawa ba basu san sauka ba, hanyoyinmu kau cike suke da ɗalibai da masu kiwo da amalanken shanu.

Motar Alhajin nan abinda muka yi mata kenan, shokozoba huɗu masu gas, muka cire falle bibbiyu a baya muka bar ɗaya na taimako, muka maida robobin da suka faɗi, muka canza tiyon filta da ya tsage ta ƙasa inda ido baya gani, muka ja farin fenti a kan noti. Da zai tafi na nuna mashi yadda ake karanta geji, na sauke iskar da hannuna yana kallo. Yace zai dawo da ita bayan kasuwa biyu mu sake ɗaure yu-bol ɗin, lokacin ne kuma zamu yi aikin kujerar, dan na leƙa na ga dandamalin gefen direba ya fara ci.